Daga Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya Zuwa Zauren Mai Unguwa

Ranar Talata, 25 ga Nuwamba, 2025, aka sanar da cewa 'yan mata 24 na makarantar sakandaren gwamnati ta Maga, cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, sun fito daga hannun 'yan bindiga. Kwana takwas kafin nan, da asubahin Litinin, aka afka wa makarantar, aka kashe mataimakin shugabanta, aka kora ɗalibai 25 cikin daji, ɗaya ta samu ta gudo. Sai ga shi ranar da aka sako su ta faɗo daidai da ranar da duniya ta keɓe don yaƙi da cin zarafin mata, wadda daga ita ake fara gangamin kwana 16 da ke ƙarewa ranar 10 ga Disamba.

Ranar tana da tarihinta. A 1960 ne 'yan barandan shugaban kama-karya na Jamhuriyar Dominika, Rafael Trujillo, suka kashe wasu mata uku uwa ɗaya uba ɗaya, 'ya'yan gidan Mirabal, saboda adawa da mulkinsa. Ƙungiyoyin mata na Latin Amurka suka riƙe ranar, a 1991 aka ƙirƙiro gangamin kwana 16, a 1999 kuma Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ita. Yau har a Birnin Kebbi ana raya ta da tattaki cikin riguna da hijabai ruwan goro, da jawabin uwargidan gwamna, da shiri na musamman a gidan rediyo. Ban ga laifin ko ɗaya daga ciki ba. Amma bayan shekaru ana haɗa hannu da ƙasashen waje a kan wannan batu, ya kamata a zauna a yi lissafi. Me ya iso ga matar da ke Gulma ko Ambursa? Me ya tsaya a otal-otal na Abuja? Me kuma ba wanda zai iya yi mana shi sai mu?

Inda aka fi samun nasara shi ne a takarda. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kawar da wariya ga mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1985, ta halarci taron Beijin a 1995, ta kuma amince da yarjejeniyar Maputo ta Tarayyar Afirka a 2004. Sai dai sashe na 12 na tsarin mulki ya ce duk abin da aka sa wa hannu a waje ba ya hawa kan kowa a gida sai majalisa ta mayar da shi doka. Shi ya sa alƙali a Argungu ba ya hukunci da abin da aka rattaba a Maputo. Dokar da ta fi kusa da cike wannan giɓi ita ce ta haramta cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayun 2015, ana saura 'yan kwanaki ya sauka, bayan ta shafe fiye da shekara goma tana yawo a majalisa. Ita ma a Abuja kaɗai take aiki, kowace jiha sai ta yi tata.

Jihohi suka yi ta jan ƙafa har 2020. A lokacin kullen korona ne rahotannin fyaɗe da duka suka yi ta fitowa ba ƙaƙƙautawa, aka yi wa wata ɗalibar jami'a fyaɗe aka kashe ta a cikin coci a Benin, aka yi wa wata haka a Ibadan, ƙasa ta ɗauki zafi. A watan Yunin shekarar gwamnoni 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafi. Matan gwamnoni suka haɗa kai suka tasa mazajensu a gaba, kuma Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara kuma uwargidan gwamnan Kebbi na lokacin, tana cikin waɗanda aka fi jin muryarsu. A 2022 Gwamna Abubakar Atiku Bagudu ya sa hannu a kan dokar Kebbi ta hana cin zarafi, tare da ta kare yara.

A dokar tarayya, wadda jihohi suka kwaikwaya kowacce da 'yan gyare-gyarenta, hukuncin fyaɗe na iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Dukan mata ko miji laifi ne mai ɗaurin da zai iya kai shekara uku. Korar mace daga gida da ƙarfi laifi ne, haka tafiya a bar ta da yara ba ci ba sha, haka kaciyar mata, haka wulaƙanta wadda mijinta ya rasu. Akwai kuma umarnin kariya, wanda kotu za ta iya bayarwa ta hana mai cutarwa kusantar wadda yake cuta tun kafin a gama shari'a. A gwada wannan da kundin Final Kod da Arewa ta gada tun 1960, wanda sashensa na 55 ya ce ba laifi ba ne miji ya ladabtar da matarsa muddin al'adarsu ta yarda kuma bai yi mata mummunan rauni ba. Tazarar ba kaɗan ba ce. Da ba don nacin ƙungiyoyin mata na gida irin su WRAPA da FIDA da FOMWAN ba, da kuɗin abokan hulɗa na waje da ya riƙe su suna zirga-zirga majalisun jihohi, da ba a iso nan cikin wannan lokaci ba.

To, doka ta samu. Amma babban binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna abin da doka za ta yi fama da shi. Mata 31 cikin 100, 'yan shekara 15 zuwa 49, sun ce an taɓa dukansu ko ji musu ciwo tun daga shekara 15. Fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. Waɗanda suka nema kuwa, mafi yawansu gidan iyaye suka nufa, masu zuwa wurin 'yan sanda ba su taka kara sun karya ba.

Mu bi sawun magana guda ɗaya, irin wadda duk ma'aikaciyar jinyar da ta daɗe a ɗakin mata ta san ta. Yarinya 'yar shekara goma ta fita tallan ƙuli ko dafaffiyar gyaɗa, ta dawo bayan magariba tana tafiya a tattale, kuɗin ciniki sun fi na kullum. Uwa ta duba ta gane. Abu na farko da za ta yi shi ne ta ɗora ruwan zafi, ta gasa ta, ta wanke zanen. Don ƙauna ta yi, amma shaida ta bi ruwa. Uba ya dawo daga fadama aka faɗa masa. Sunan da yarinyar ta kama kuwa na mai shagon bakin layi ne, ko ɗan maƙwabci, ko ƙanin uba. Kafin gari ya waye manya sun shigo. “A rufa wa yarinyar nan asiri, gobe wa zai aure ta?” “A bar wa Allah, Shi zai saka mata.” Wani ma ya ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, me ya shigar da ita shagon? A zauren mai unguwa a yanka wa mai laifi kuɗin magani, a shafa fatiha, a watse.

Ana cikin wannan kai-komo lokaci na ƙurewa. Maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shan sa cikin awa 72, kwana uku ke nan. Na hana ɗaukar ciki, ga wadda ta balaga, ba ya wuce kwana biyar. Iyaye da yawa ba su taɓa jin wannan ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba a faɗa musu ba.

In kuwa uban ya yi ta maza ya ce sai kotu, wata doguwar hanya ce ke gabansa. Kuɗin mota zuwa caji ofis, kuɗin mota zuwa asibiti, takardar likita, jiran shawarar ma'aikatar shari'a kafin fayil ya kai babbar kotu, sai ɗage zama bayan ɗage zama. Wanda ake tuhuma ya samu beli ya dawo unguwa yana harkokinsa. Shaidu su janye don kunyar ido. Ɗan sandan da ya yi bincike a yi masa canjin wurin aiki. Manomi a tsakiyar noman rani ba zai iya barin injin ban-ruwa ya yi ta sintiri Birnin Kebbi ba. Wata rana ya daina zuwa, a kori ƙara.

Don gajarta wannan hanya aka ƙirƙiro cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, inda a wuri ɗaya za a samu likita da magani kyauta da mai kwantar da hankali da wanda zai rubuta rahoton da kotu za ta karɓa. Ta farko a Nijeriya ita ce Mirabel a Legas, a 2013. Da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙaddamar da shirin Spotlight a 2017 da Yuro miliyan 500, wuraren da aka zaɓa a Nijeriya su ne Sakkwato da Adamawa da Legas da Ebonyi da Kuros Riba da Abuja. Cikin shirin ne aka buɗe cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato a 2020. Kebbi ba ta cikin jerin, duk da cewa har 1991 jiha ɗaya ce da Sakkwato, kuma abin da ke damun mace a Tambuwal shi ke damun ta Jega. Haka tallafin waje yake, wasu ke zaɓen inda zai sauka, bisa lissafinsu. Kebbi dai ta samu tata cibiyar a asibitin Kalgo, kusa da babban birni.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saye, wato yardar mutane. A majalisar bakin titi har gobe ana cewa wannan duk ajandar Turawa ce, so ake a fitar da mata daga gidajen mazajensu, waɗannan ai 'yan Beijin ne. Ba daidai ba ne a ce jahilci ne kawai ke maganar. Lokacin da ake muhawarar ƙudurin daidaita jinsi a majalisar dattawa a 2016, batun rabon gado da ke cikinsa ya sa har Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya fito ya ƙi shi. Idan aka ƙunsa hana fyaɗe da abin da Musulmi ke gani taɓa nassi ne a ƙunshi ɗaya, wanda ya ƙi ɗaya sai ya ƙi duka, kuma wadda ke biyan kuɗin wannan kuskure ita ce yarinyar nan mai talla.

Babban darasi a kan wannan, a maƙwabta aka koya mana shi. A watan Oktoban 2001 wata kotun shari'a a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa saboda ta haihu ba aure. A watan Maris na 2002, watan da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta wanke ta, wata kotu a Bakori ta jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci. Duniya ta tashi tsaye. Aka yi zanga-zanga a biranen Turai, miliyoyin mutane suka sa hannu a takardun koke ta intanet, birnin Rum ma ya ba Safiya shaidar zama 'yar gari. Amma a watan Mayun 2003 ƙungiyar BAOBAB, wadda tana cikin masu kare matan, ta hannun Ayesha Imam da abokiyar aikinta, ta fitar da wasiƙa tana roƙon a dakata da waɗannan takardu. Dalilinsu shi ne wasu daga cikinsu na ɗauke da labarin da ba gaskiya ba, har da cewa an sa ranar jifa alhali ƙara na gaban kotu, wasu kuma na zagin addini. Suka tuna wa duniya yarinyar da aka yi wa bulala 100 a Zamfara a farkon 2001 tun ba a gama shirin ɗaukaka ƙararta ba, a daidai lokacin da surutun waje ya yi yawa, gwamnati kuma ke son nuna ba ta tsoron kowa. Abin da suka ce suna buƙata daga waje shi ne kuɗin lauyoyi da ƙwarewa da mafaka ga waɗanda ke cikin haɗari.

Da me aka ci shari'ar? Da fiƙihun Malikiyya. Lauyoyin da suka tsaya wa Amina, irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, sun nuna cewa alƙali ɗaya ne ya zauna inda doka ta ce uku, cewa mai iƙirari na da damar janye iƙirarinsa, cewa kuma malaman mazhaba sun yarda da kwantaccen ciki, wanda za a iya jingina shi ga tsohon miji har tsawon shekaru bayan saki. A watan Satumban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta sallame ta. A shari'ar Safiya kuwa, ɗaya daga cikin hujjojin shi ne abin da ake tuhumarta da shi ya faru tun kafin dokar ta fara aiki. Kuɗin waje ya taimaka, idon duniya ma ya sa an yi taka-tsantsan, amma hujjar da alƙalai suka karɓa daga cikin littattafansu ta fito.

A ganina ba jihar da ta fi Kebbi dacewa da amfana da wannan darasi. Nan ne Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance. Yayansa Shehu Usmanu, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, ta kafa 'Yan Taru, jajis ɗinta na bin ƙauyuka da malfa a ka suna karantar da mata. Littattafan da alƙalanmu ke hukunci da su, Mukhtasar da Tuhfa, sun ba macen da ta tabbatar mijinta na cutar da ita, da duka ko da zagi, damar alƙali ya raba auren ba tare da ta biya ko kwabo ba. Sun yarda a kafa hujja da abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta, tunda ba a gayyatar shaidu ranar da za a yi duka. Sun ce ko da ta riga ta fanshi kanta da hul'i, in daga baya ta tabbatar cutarwa ce ta tura ta, a mayar mata da dukiyarta. Wanda ya yi wa mace fyaɗe kuwa, bayan haddi, sai ya biya ta sadakin irinta. Mata nawa ne suka san wannan? Abin da aka fi gani shi ne mace ta zo kotu da kumburarren ido, a ce mata in ta gaji ta mayar masa da sadakinsa, ta tafi neman bashi don ta rabu da wanda ya dake ta. Da rabin kuɗin da aka kashe a tarurrukan bita an kashe shi wajen zama da alƙalan ƙananan kotuna da limaman Juma'a da malaman Islamiyya a kan waɗannan babuka, da an ga bambanci a ƙasa.

Argungu kuma tana da nata abin nunawa. Garin ya saba da baƙin duniya, tun daga bikin kamun kifi da ya samo asali daga ziyarar sulhu ta Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Amma abin da ya fi shafar batunmu shi ne shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafi a Kano saboda zargin ana so a hana mata haihuwa, irin zargin da ake yi wa maganar cin zarafi a yau. Kuɗin ƙasashen waje bai kawar da zargin ba. Abin da ya juya al'amarin shi ne kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya kafa a 2009, wanda daga baya Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya zama shugabansa. Magana ta riƙa sauka daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, shi kuwa ya san gidan da aka ɓoye yara a rumbu. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Wannan tsani na sarauta shi ne dai wanda maganar fyaɗe ke mutuwa a kansa. Mai unguwa ba mugu ba ne, aikin da ya gada shi ne kashe wuta tsakanin maƙwabta, kuma a rikicin gona ko na kishiya sulhu alheri ne. Abin da ake buƙata shi ne masarautun nan huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, su tsaya a kan magana ɗaya, su yi ta maimaita ta kamar yadda aka yi ta maimaita ta rigakafi: fyaɗe da dukan da ya kai rauni ba na zaure ba ne, a kai asibiti a yau, a kai hukuma, kuma duk mai riƙe da sarautar da ya binne irin wannan magana ya san rawaninsa zai taɓu.

Mafi yawan abin da ya shigo Kebbi daga waje ba da sunan yaƙi da cin zarafi ya shigo ba. Cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi misali ce. A 2005 asusun UNFPA ya shirya mako biyu na aikin tiyata a Kano da Katsina da Kebbi da Sakkwato, aka yi wa mata sama da 500 aiki. Kafin nan kuwa likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru a Babbar Ruga ta Katsina yana aikin yana kuma koya wa likitocin gida, kuma wannan koyarwa ita ce ta ɗore. Duk wanda ya zauna da matan da ke jiran aiki a irin wannan cibiya ya san labarinsu ya wuce na cuta: doguwar naƙuda a gida don maigida bai ba da izinin zuwa asibiti ba, jikin da bai gama ƙwari ba, daga ƙarshe kuma saki saboda zarni.

Sai shirin Bankin Duniya na tallafa wa mata da aka amince da shi a 2018 da dala miliyan 100, wanda Argungu na cikin ƙananan hukumomin Kebbi da ya fara da su. Zuciyar shirin ita ce ƙungiyoyin ajiya na mata, kuma tsarin ba baƙo ba ne. A Maraɗi aka haife shi a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta ɗauki adashin da mata suka saba ta gyara shi aka kira shi Mata Masu Dubara, daga can ya bazu duniya. A irin wannan ƙungiya mata sukan zauna a da'ira sau ɗaya a mako, akwatin ƙarfe a tsakiya da kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mace daban. A kira suna, kowacce ta ajiye abin da ta iya a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi. Akwai wata 'yar jaka ta daban don haihuwa da rasuwa da rashin lafiya. Wadda ta ci bashi ta sayi buhun shanshera ta turara ta sheme ta kai kasuwa. Macen da ke da jarinta tana da kuɗin mota ranar da ta buƙaci tafiya, tana kuma da mata ashirin da za su tambaya in ba ta zo zama ba. Sai dai kuɗi a hannun mace kan tayar da wata fitinar in maigida ya ga ana neman raina shi, ko ya sakar mata cefane gaba ɗaya. Shi ya sa dabarar Makarantar Mazaje da UNFPA ta fara a Damagaram, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar iyalinsu su kuma ja hankalin 'yan'uwansu maza, ta cancanci a haɗa ta da wannan.

Akwai wani nau'in cin zarafin da ba taron bitar da zai iya masa. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. An yi ta sako su kashi-kashi, amma 'yan mata 11 suka rage, sai a 2023 na ƙarshensu suka dawo, wasu da goyo. Tun bayan sace 'yan matan Chibok a 2014 aka ƙaddamar da shirin kare makarantu da goyon bayan tsohon firaministan Birtaniya Gordon Brown. A watan Oktoban 2021 Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya kan kare makarantu, alhali 'yan matan Yawuri na daji. Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko a shirin AGILE na Bankin Duniya, na dala miliyan 500, don karatun 'yan mata. Ana gina aji da banɗaki, ana ba iyaye tallafi, amma uban da ya ji labarin Yawuri da Maga zai ce gara ya aurar da 'yarsa tana da rai. Tsaro ba aikin mai ba da tallafi ba ne, aikin gwamnati ne. Kula da waɗanda suka dawo ma haka, don bayan hoton tarba a gidan gwamnati akwai shekaru na firgita da tsegumi, da yaran da aka haifa a daji waɗanda ba su da laifin komai.

Yanzu kuma lissafin ya canza. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, a watan Maris ta ce ta soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumarta ta ba da tallafi, USAID, a farkon Yuli aka rufe hukumar. Kebbi na cikin jihohin da hukumar ta fi aiki a fannin lafiyar mata da yara. Birtaniya ma ta sanar da rage nata tallafin, zangon farko na Spotlight kuwa ya riga ya ƙare a 2023. Zanen aro ba ya rufe katara, an daɗe ana faɗa. Kuma a lura, kuɗin Bankin Duniya da ya rage rance ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba, yaran da ke aji yau su za su biya, don haka kowane ɗan jiha na da haƙƙin tambayar inda ya shiga.

Kebbi na da ƙananan hukumomi 21, daga Kamba a bakin iyakar Nijar har Zuru. Yarinyar da abin ya same ta a Illo ko Ribah ko Kangiwa ba lallai ta kai Kalgo cikin kwana uku ba, in ma an samu kuɗin motar. Abin da za a nema a kasafin kuɗin gwamnatin Gwamna Nasir Idris ba ɓoyayye ba ne: a kowane babban asibiti, na Argungu da Yawuri da Zuru da sauransu, a samu ɗaki ɗaya mai ƙofa, da ma'aikaciyar jinya da aka horar, da kabad ɗin da magani ba ya yankewa a cikinsa, da takardar likita kyauta. A samu kuɗin kai shaidu kotu, da gidan da mace za ta kwana in komawa gida haɗari ne. Ma'aikatar shari'a kuma ta riƙa fitar da rahoto kowace shekara a karanta wa jama'a da Hausa a rediyo: ƙararraki nawa aka shigar ƙarƙashin dokar 2022, nawa aka yanke wa hukunci, nawa aka janye, kuma wa ya nemi a janye su.